Niyi Osundare: Malamin Jami'ar Da Ya Ɗauki Waƙa Ya Kai Ta Kasuwa

Ina so in yi amfani da filin tarihi na wannan fitowa in kawo labarin wani mutum wanda ba ɗan makarantarmu ba ne, ba kuma ɗan Arewa ba ne. Sunansa Farfesa Niyi Osundare, Bayarabe ne mutumin ƙasar Ekiti, marubucin waƙoƙi cikin harshen Ingilishi, kuma malamin jami'a. Wani zai ce, to me ya haɗa mu da shi? Abin da ya haɗa mu shi ne, duk wanda ɗansa ko jikansa ya ɗauki darasin adabin Ingilishi a jarrabawar WAEC tsakanin 2021 da 2025, to waƙar mutumin nan ta shiga gidansa, ko ya sani ko bai sani ba. Har ila yau tarihinsa tarihin jami'o'in ƙasar nan ne, tun daga lokacin da suke tashe har zuwa lokacin da manyan malamansu suka riƙa ɗaure littattafansu suna ƙetare teku. Mu kuwa da idonmu muka ga wannan zamani. Ni dai na shafe shekaru ina koyar da adabi a makarantun sakandare, saboda haka da bakin malamin aji zan yi magana.

An haifi Osundare ran 12 ga watan Maris na 1947 a garin Ikere-Ekiti, wanda a lokacin yake cikin Jihar Yamma. Ikere gari ne na manoma da ke zaune a gindin manyan duwatsu, musamman guda biyu da ake kira Olosunta da Orole, waɗanda mutanen garin suke girmamawa tun kaka da kakanni. Mahaifinsa manomi ne, amma kuma makaɗi ne mai tsara waƙoƙin baka. Watau yaron ya buɗe ido ne a gidan da ake noman doya da rana, a taɓa ganga da dare. Shi kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba, kullum yana kiran kansa ɗan manomi, ko bayan ya zama shehun malami.

Ƙuruciyarsa ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma, a 1955. Ƙasar Ekiti kuwa ta rungumi boko hannu biyu, har ake yi mata kirari da cewa ita ce mahaifar farfesoshi. Ya yi karatun sakandare a Amoye Grammar School da ke Ikere, sa'an nan ya wuce Christ's School ta Ado-Ekiti. Daga nan sai Jami'ar Ibadan, wadda mu muke kira Badun, inda ya sami digirin farko a fannin Ingilishi a 1972. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Leeds ta Ingila a 1974, ya dawo Badun ya kama aikin koyarwa, kana ya tafi Jami'ar York da ke Toronto ta ƙasar Kanada, inda ya kammala digirin dakta a 1979. Fanninsa na ƙwarewa shi ne nazarin salo, watau bin diddigin yadda marubuci ke zaɓen kalmomi yana jera su, da abin da zaɓen nasa ke haifarwa a kunnen mai saurare.

Kafin a gane abin da mutumin nan ya yi, sai mun tuna da irin waƙoƙin da aka ɗora mana a aji. Waɗanda muka yi adabi tare za su tuna da littafin nan West African Verse wanda Donatus Nwoga ya tattara a 1967. A ciki muka fara gamuwa da Wole Soyinka, da J. P. Clark, da Christopher Okigbo wanda ya rasu a fagen yaƙin basasa a 1967. Manyan mawaƙa ne, ba mai musu. Amma wa zai manta da yadda muke zama da ƙamus a gefe, mu warware kowace kalma ɗaya bayan ɗaya, mu gama, sa'an nan mu ga har yanzu ba mu san inda baitin ya dosa ba? Malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wani lokaci kuwa su ma sai sun kwana suna nazari. Ashe ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A 1980 wasu masana uku, Chinweizu da Onwuchekwa Jemie da Ihechukwu Madubuike, suka fitar da littafi suna zargin waɗansu daga cikin mawaƙan farko da kwaikwayon Turawa da ɗaure magana da gangan. An yi ta cacar baki a kan wannan littafi shekara da shekaru.

Cikin wannan hayaniya ce Osundare ya fitar da diwaninsa na farko a 1983, ya sa masa suna Songs of the Marketplace, watau Waƙoƙin Kasuwa. Sunan kansa sanarwa ce. Waƙar da ta buɗe littafin ta tsaya ne a kan tambaya guda: mece ce waƙa, kuma ta wace ce? Matsayinsa shi ne waƙa ba asirin masana ba ce da za a kulle a ɗakin karatu, kayan jama'a ce, kuma in mai talla da manomi da lebura ba su ga kansu a ciki ba, to an yi aikin banza. Shekara guda bayan haka, a 1984, ya fitar da Village Voices, Muryoyin Ƙauye, inda ya bar manoma da makaɗa suka yi magana da bakinsu, da habaici da zambo da karin magana irin na Yarabawa, suna caccakar 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu masu zuwa da alkawari lokacin zaɓe su ɓace bayansa. Wani abin da ya ba mutane mamaki shi ne, a saman waƙoƙinsa da yawa yakan rubuta irin kayan kiɗan da za a raka su da shi, ko gangan, wadda take 'yar'uwar kalangunmu ce, ko bata, ko sarewa. In ya hau dandali kuma ba karantawa kawai yake yi ba, rerawa yake yi, ya ba masu saurare amshi su karɓa.

A nan ne ni Bahaushe nake yin murmushi. Abin da masu Ingilishi suka ɗauka sabon juyin juya hali ne, mu gadonmu ne. Wane ne ya taɓa jin an rubuta waƙar Hausa don a karanta ta a zuci? Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin almajirai da makafi ta zaga ƙasar nan. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun yi siyasa da wa'azi da gargaɗi cikin baitoci, aka rera su a dandali da gidan rediyo, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta buga wasu. Bambancin shi ne su da harshen kasuwar suka yi waƙa. Shi kuwa Osundare ya ɗauko waƙa ya kai ta kasuwa, amma cikin harshen da mafi yawan 'yan kasuwar ba su ji. Mai sayar da barkono a kasuwar Dugbe ta Badun ba za ta sayi diwanin Ingilishi ba, kome sauƙinsa. Wannan ƙulli ne da bai kwance ba, kuma a ganina ba wani marubucin Ingilishi a Afirka da ya kwance shi. Abin da ya iya yi shi ne ya faɗaɗa da'irar: daga ɗaliban jami'a ƙalilan zuwa malamin firamare, da akawu, da ɗan sakandare, da duk mai iya karanta jarida. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Jaridar ce ma ta zama babbar hanyarsa. Daga 1985 ya buɗe fili a jaridar Tribune ta ranar Lahadi, wadda ake bugawa a Badun, yana fitar da waƙa a kan abin da ke faruwa a ƙasa: tsadar abinci, korar ma'aikata, alkawuran masu mulki. Sunan filin Songs of the Season, kuma a 1990 aka tattara waƙoƙin cikin littafi mai wannan suna. Mai karatu ya tuna wane lokaci ne wannan. A 1984 aka kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ran 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa da bam cikin wasiƙa a gidansa da ke Ikeja. A 1987 aka rufe mujallarsa ta Newswatch har wata shida. To a wannan mujallar ce Osundare ya yi shekaru masu yawa yana rubuta sharhi, wanda daga baya aka tattara cikin littafin Dialogue with My Country. Shi da kansa ya ba da labarin yadda, a zamanin Janar Abacha, jami'an tsaro kan zo ofishinsa su ce ya fassara musu waƙa, ya faɗi da wa yake. Nan amfanin habaici yake: an san da wa ake, amma ba a kama suna ba.

Littafin da ni na fi so cikin nasa shi ne The Eye of the Earth, Idon Ƙasa, na 1986, wanda ya ci kyautar waƙa ta ƙasashen Kwamanwel da ta Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. A ciki ya koma Ikere, ga dazuzzukan da ya sani yana yaro, ga duwatsun nan biyu, ga ruwan sama na farko da ƙamshin ƙasa. Amma ba begen ƙauye kawai ba ne. Kuka yake yi a kan yadda masu katako suka cinye daji, da yadda aka mai da ƙasa abin wawaso maimakon abin riƙo amana. A lokacin ba a cika jin maganar kare muhalli a bakin marubutanmu ba. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984, muka ga rairayi yana binne gonaki a arewacin Borno da Katsina da Sakkwato, ba mu bukatar a yi mana dogon sharhi. Na lura a aji cewa yaran da suka fito daga gidajen manoma sun fi 'yan birni saurin kama waƙoƙin littafin nan, ko da Ingilishinsu bai kai na 'yan birnin ba.

A 1987 wasu mahara suka far masa a Badun, suka yi masa mummunan rauni a ka, har aka fid da rai da shi. Allah ya yi da sauran kwana. Daga jinyar nan diwanin Moonsongs ya fito a 1988, kuma gaskiya waƙoƙin cikinsa suna da nauyi, ba irin na kasuwa ba ne. Duk mai cewa Osundare kullum mai sauƙi ne, to bai buɗe wannan ba, bai kuma buɗe Midlife na 1993 ba. A 1989 ya zama farfesa. A 1990 kamfanin Malthouse na Ikko ya buga masa Waiting Laughters, doguwar waƙa wadda jigonta jira ne: jiran biza, jiran albashi, jiran ruwan sama, jiran ranar da azzalumi zai sauka, da dariyar da talaka ke ajiyewa don wannan rana. Littafin ya ci Kyautar Noma a 1991. Kada sunan ya ruɗe mu, ba noman gona ba ne. Noma sunan wani attajirin maɗaba'a ne na ƙasar Japan wanda ya kafa kyautar don littattafan da aka buga a cikin Afirka, kuma Mariama Ba ta Senegal ce ta fara cin ta a 1980. Osundare ne mawaƙin Ingilishi na farko da ya samu.

To amma yayin da sunansa ke tashi, gidan da yake aiki yana rushewa. A 1985 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, kafin shekara ta ƙare sai da dala ta haura Naira uku, zuwa 1993 kuma farashin gwamnati ya kai wajen Naira 22. Ma'anar wannan ga jami'a a fili take. Littafi da mujallar ilmi da kayan ɗakin gwaje-gwaje duk da kuɗin waje ake sayen su, saboda haka sai laburare ya tsaya cik a inda yake. Albashin farfesa ya koma abin dariya, har malaman suka riƙa cewa albashi ne da ba ya kai mai shi gida. Ƙungiyarsu ta ASUU ta tashi tsaye, gwamnatin soja ta haramta ta a 1988, aka tsare Festus Iyayi da ya shugabance ta, wanda shi ma marubuci ne. Dakta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ya karɓi ragamar, aka sake haramta ta a 1992, aka kuma a 1996. Yarjejeniyar 1992 ce ta haifar da asusun harajin ilmi na 1993, wanda a 2011 ya zama TETFund. 'Yan'uwanmu da suka yi aikin jami'a a waɗannan shekaru sun fi ni sanin wannan labari, ina fata wani cikinsu zai rubuta mana nasa.

Sai aka fara watsewa. Abiola Irele da Isidore Okpewho suka bar Badun, Biodun Jeyifo ya bar Ife, duk suka nufi Amurka. Tanure Ojaide, mawaƙi ɗan yankin Neja-Delta wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, shi ma ya bi su, ya zauna a Jami'ar North Carolina da ke Charlotte daga 1990. Osundare ya daɗe bai tafi ba. Ya riƙe shugabancin Sashen Ingilishi na Badun daga 1993 zuwa 1997, watau daga shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, ya ratsa 1994 da Soyinka ya tsere daga ƙasar, da 1995 da aka rataye Ken Saro-Wiwa. Sai a 1997 ya karɓi aiki a Jami'ar New Orleans, bisa dalilan da na iyali suna cikinsu.

Na sha jin ana cewa, ina amfanin mawaƙin kasuwa da ya bar kasuwar? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ni ban ga laifin mutumin da ya tsaya shekara goma sha ɗaya bayan SAP, da tabon sara a kansa, ba. Wanda ya yi hasara shi ne ɗalibin da ya shiga Badun a 1998 ya tarar da sunan malamin a bangon littafi kawai. Wannan ɗalibi shi ne ya fito ya zama malamin sakandare, shi ya koyar da 'ya'yanmu. In muna mamakin yadda yaro zai gama aji shida bai iya rubuta wasiƙar neman aiki ba, to wani sashe na amsar yana can cikin shekarun da na ambata. Osundare dai bai yanke igiya ba. Ya ci gaba da zuwa gida, yana rubuta buɗaɗɗun wasiƙu ga Shugaba Obasanjo, kuma a 2005 ya gabatar da laccar ban kwana a Badun, inda ya kwatanta jami'ar da ya shiga yana saurayi da wadda yake bari.

A watan Agusta na wannan shekara ta 2005 ne jarrabawa mafi girma ta same shi. Birnin New Orleans yana zaune ne tsakanin Kogin Mississippi da wani babban tafki, kuma unguwanni da yawa sun fi teku ƙasa, ganuwa ce kawai da aka gina take tare musu ruwa. Ran 29 ga wata mahaukaciyar guguwar nan da aka sa wa suna Katrina ta sauka, ganuwar ta fashe a wurare da dama, ruwa ya mamaye kashi 80 cikin ɗari na birnin, mutane fiye da dubu suka hallaka a yankin. Osundare da maiɗakinsa suna cikin gida ruwa ya shigo. Da ya yi yawa sai suka haye ɗan sararin da ke tsakanin silin da rufin ɗaki, suka zauna cikin duhu da zafi har awa 26, ruwa na ƙasansu, rufi na samansu, ba hanyar fita. Wani maƙwabci da ke zagawa da kwalekwale ne ya ji ihunsu ya cece su. Suka fito da kayan jikinsu kawai. Littattafan da ya tara tun yana ɗalibi, da rubuce-rubucen da bai riga ya buga ba, da takardun bincike na shekara talatin, duk suka zama laka. Duk wanda ya taɓa tara littattafai, ko da akwati ɗaya ne, ya san abin da ake nufi. Mutumin da ya bar ƙasar da laburarenta ke mutuwa a hankali, sai ga nasa ya mutu cikin yini guda a ƙasar da ta fi kowace arziki. Daɗin daɗawa, sunan Osundare kansa daga sunan Kogin Osun aka samo shi, kuma ya sha yabon ruwa a waƙoƙinsa.

Suka yi ta gararamba daga wannan sansani zuwa wancan, har wata kwaleji mai suna Franklin Pierce a jihar New Hampshire ta ba shi masauki da aikin koyarwa. Daga baya ya koma New Orleans, kuma a 2011 ya fitar da City Without People, Birnin Da Ba Mutane, inda ya zuba abin da ya gani, da godiya ga waɗanda suka taimake shi ɗaya bayan ɗaya. A 2008 ya karɓi kyautar waƙa ta Tchicaya U Tam'si a ƙasar Maroko, a 2014 kuma Nijeriya ta ba shi lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da ƙasar ke bai wa masana.

Waƙar da na ce ta shiga gidajenmu ta hanyar WAEC ita ce The Leader and the Led. Tatsuniya ce irin ta taron namun daji: kowace dabba ta fito neman sarauta, zaki da kura da raƙumin dawa da giwa da sauransu, kowace kuma aka sami aibin da ya sa sauran ba su amince da ita ba, har wani dattijon daji ya ba da shawarar irin shugaban da ya kamata a nema. Yaron da ya taso da tatsuniyar Gizo ba ya shan wuya a kanta. Amma wadda na fi son karanta wa ɗalibai ita ce Not My Business, wadda aka taɓa sa wa yaran Ingila a jarrabawarsu ta GCSE. Mai magana a cikinta yana kallo aka kama maƙwabcinsa Bayarabe, aka zo da dare aka tafi da wani mai suna Danladi, aka kori wata Chinwe daga aiki ba dalili, shi kuwa ba ruwansa tun da ba a taɓa doyarsa ba. A baitin ƙarshe ya zauna zai ci doyar, sai aka ƙwanƙwasa tasa ƙofar. Yara kan yi dariya in sun ji sunan Danladi cikin waƙar Turanci, don kusan kowane aji akwai mai sunan. In aka kai ƙarshe kuwa sai ajin ya yi tsit.

Ina roƙon kwamitinmu mai kula da gyaran laburaren makaranta, in an zo sayen littattafai na bana, a sa The Eye of the Earth da Village Voices da Songs of the Season cikin jerin, ko da kwafi biyar biyar ne. Biyu daga cikinsu kamfanin Heinemann na Badun, wanda yanzu ake kira HEBN, ya buga su. A haɗa da Fasaha Aƙiliya da Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, a jera su a kanta ɗaya, don malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa aiko yara wuri guda. Ni na ɗauki nauyin kwafi biyar na farko, zan miƙa wa ma'aji a taronmu mai zuwa in Allah ya kai mu.